Yayen 'Yar Giwa

Matso kusa, ka gyara zama. Akwai maganar da na daɗe ina juyawa a baki, yau nake son in sauke ta. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koye shi, saboda haka in ka ga wani wuri ya karkace ka yi haƙuri, ka bi maganar kawai.

Ni mutuniyar Madarunfa ce, kuma ba mai yawo ba. Kafin abin da zan ba ka labari, in ka cire Maraɗi da na je sau uku, biyu asibiti ɗaya biki, ƙafata ba ta taɓa wuce kasuwar Gabi ba. Abu biyu aka san ni da su a unguwa: surutu, da rainon marayun dabbobi. Akuya ta mutu ta bar 'ya'ya, gidana za a kawo. Tunkiya ta ƙi ɗanta, gidana. Har ɗan jaki na taɓa raina da tsumma da ƙoƙo. Ba wani asiri gare ni ba, kunne ne. Ina cikin ɗaki zan ce wancan yunwa yake ji, wancan kuwa cikinsa ke murɗa, in aka duba a tarar haka ne.

A lokacin mai gidana ya cika shekara biyu da rasuwa. 'Ya'yana maza biyu sun tafi cin rani Najeriya, cin ranin ya zama zama. Ɗiyata guda ɗaya an kai ta aure Safo, tana da ciki wata bakwai. Gidan ya yi mini faɗi. Na kan dafa tuwo in rasa wanda zan yi wa faɗan ya bar saura.

Shekara ɗaya ke nan bayan faɗuwar kuɗin sefa. A shekarun nan giwaye kan ƙetaro daga dazuzzukan Najeriya su shigo dajin Baban Rafi, daga nan su faɗa gonakin mutane. Wanda bai ga gonar da giwa ta kwana ba ba zai gane ba. Hatsin da mutum ya yi damina guda yana wahala a kai, da safe sai ya tarar kamar an yi sussuka an tafi. A kakar nan mutanen wajen Gabi suka taru da ganguna da gwangwanaye da wuta suka kora garken har ya ƙetare iyaka. A cikin gudun ne wata 'yar ƙarama ta kafe a laka, a wani tafki da ya fara janyewa, can ɓangaren Najeriya. Garken ya yi kwana guda yana kewaya ta, mutane suka matsa, ya tafi ya bar ta. Ma'aikatan daji na can suka ciro ta da igiya suka kai ta tasharsu.

Ƙanena ma'aikacin daji ne a ɓangarenmu, ofore kamar yadda muke ce musu, kuma suna shiri da na can. Shi ya zo ya same ni ina tankaɗe.

"Yaya, an samo miki maraya."

"Kawo shi."

"Ba ya kawuwa. Ke za ki je."

Da ya faɗa mini ko wane iri ne, sai da na ajiye rariya na dube shi. Ya ce kwana uku ke nan ba ta sha komai ba sai ruwa, likitan dabbobinsu ya rasa yadda zai yi, kuma babu albashi, aikin Allah ne, abinci da wurin kwana kawai. Na ce ni da ko katin shaida ba ni da shi. Ya ce kakinsa ya ishe mu mu biyu. Na bar wa maƙwabciyata awaki da mabuɗi, na ɗaure zane uku da tabarmar salla, muka bi ta Ɗan Isa. A kan iyaka na yi ta leƙe ta tagar mota ina jiran in ga ƙasa ta canza launi. Gero ne dai irin namu, da jakai irin namu.

Tashar ba wani abu ba ce: ɗakuna uku na kwano, rijiya, da shinge na itace da aka yi a gindin wata tsamiya. Matar shugaban wurin ta ba ni ɗaki tare da surukarta. Mutum biyu ne ke kan 'yar giwar. Akwai likitan, wanda ke zuwa da babur duk bayan kwana biyu ko uku. Akwai kuma mai gadi, wani tsohon maharbi mai bin addinin kakanni, siriri, da haƙori biyu a gaba. Shi ya shiga lakar har wuya ya ɗaura mata igiya. Yana ganina ya ce, da sunan da suke kiran mutanen ɓangarenmu:

"Wannan ce 'yar Faranshin? Kun kore ta da ganga, yanzu kun biyo ta da kwalba."

Na ce, "Baba, ku da kuka iya, ga shi kwana uku kun bar ta da azumi."

Ya yi dariya. Daga ranar muka fara, kullum sai mun taɓa.

Tsayinta bai wuce ƙuguna da kaɗan ba. Jikinta da gashi tsilli-tsilli kamar kan tsoho, kunnuwan sun yi laushi sun faɗi, hancin nan kuwa ba ta ma san yadda za ta yi da shi ba, wani lokaci har taka shi take. Likita ya riga ya gargaɗe su kada a ba ta nonon shanu, zai tsinka mata ciki. Madarar jarirai ta gwangwani ake damawa da ruwan ɗumi a zuba a kwalba mai bakin roba. Sai dai an kai mata baki ta kauda kai.

Yini guda ban taɓa kwalbar ba. Na shimfiɗa tabarma a cikin shingen na zauna ina sauraro. Tana da kuka mai tsini wanda kowa ke ji, wannan na tsoro ne. Amma akwai wani a ƙarƙashinsa, can cikin ƙirji, kamar hadari yana ruri a garin da ba naku ba. Ta kan yi shi ta tsaya, ta buɗe kunne, kamar mai jiran amsa. Babu mai amsawa. Da la'asar, da tsohon ya tafi ɗebo ruwa, na rufe bakina na jawo irin sautin daga ƙirjina. Na farko bai yi ba. Na uku ta juyo. Ta tako ta ɗora hancinta a kafaɗata, ta lalubo har ta cusa shi a hammatata, inda ke da ɗumi, ta bar shi nan. Sai na gane: a ƙarƙashin uwarta haka take tsayawa, hanci a sama jingine da jiki, baki a nono. Na miƙa hannu na jawo kwalbar. Ta shanye tas.

Dukan sirrin ke nan. Ka amsa mata da ƙirji, ka ba hancinta wurin kwanciya, sannan kwalba. Ka riƙe wannan, don a kansa maganar take.

Da tsohon ya dawo ya ga kwalba babu komai, ya ajiye jarkar ruwan ya ce, "Mi kika yi mata?"

Na ce, "Hannu ne, Baba. Wani hannun na harbi ne, wani na raino."

Wasa na yi. A ranar wallahi wasa ne. Amma na ga yadda fuskarsa ta yi, na kuma ga yadda shugaban tashar ya fito da kansa ya tsaya yana kallona, sai maganar ta yi mini daɗi a baki, ban gyara ta ba.

Sati biyu ta murmure. Ta fara bina duk inda na sa ƙafa. In na tafi alwala tana bayana, in na tada salla ta tsaya tana jan gefen mayafina. Ta koyi kwance mini ɗankwali. Wata rana ta zura hanci a ƙwaryar furar shugaban ta busa, fura ta wanke masa kaki tun daga wuya. Tsohon ya koya mini shafa mata laka a bayan kunne saboda rana, shi ke haƙa mata ramin birgima, shi ke yanko mata ganyen da za ta yi wasa da shi tun ba ta iya ci ba. Duk abin da ya sani na giwa, kuma ya san da yawa, ya juye mini shi ba tare da na roƙa ba. Ni kuwa in lokacin kwalba ya yi sai in ce tana jin kunyar maza, a ba mu wuri. In ja ta bayan tsamiya, in juya baya, in yi abina ƙasa-ƙasa.

Mutane suka fara zuwa kallo daga ƙauyuka. Ana nuna ni da baki, ana cewa ga matar da giwa ke bi. Manya masu kaki suna gaishe ni da Inna, suna tambayata yadda ta kwana, su tsaya har in gama bayani, ni da a gida in na fara magana ake tuna ana da aiki a wani wuri. Ba zan yi maka ƙarya ba, tun da aka kai ni ɗakin miji ban taɓa jin ina da nauyi irin na watannin nan biyu ba.

Likitan ya lura. Yaro ne a kaina amma yana da hankali. Ya same ni ina wanke kwalabe ya durƙusa ya ce:

"Inna, ina jin tsoron abu ɗaya. Kada ta saba da mutum guda. An ce in suka shaƙu da mutum ɗaya ya tafi, sukan ƙi abinci. Ki riƙa ba Baba yana ba ta, yau ke gobe shi."

Na ce to. Washegari na miƙa wa tsohon kwalba a gaban likita, na koma gefe na harɗe hannu. Ya bi ta yana lallashi, yana kiranta da sunayen girmamawa irin nasu na maharba, ta kauda kai, ta zo ta ɓuya a bayana. Ya sake gwadawa, madara ta zube masa a riga.

Na ce, "Ka gani ko, likita? Warin albarushin bindiga take ji a jikinsa."

Aka yi dariya, har da tsohon. Amma da yamma, da muka rage mu biyu, ya ce da ni ba da wasa ba:

"'Yar Faranshi, akwai abin da kike ce mata. Ina jin kamar motsi in kin juya baya, kunnena ne ya tsufa. Ki faɗa mini."

Na ce, "Addu'a ce, Baba. Sai ka musulunta."

Ya dube ni ya ce, "To, Allah ya ba mu haƙuri," ya tashi. Kai, wannan amsar tawa. Na ɗauki addini na yi murfi da shi a kan rowa. Cikin duka abin da na yi, ita ce ke fara zuwa mini in na tuna.

Ana nan saƙo ya zo daga gida cewa an kawo ɗiyata goyon ciki, watanta ya kama, tana gidana ita da maƙwabciya. Haihuwar fari ce. Ka san yadda abin yake: itacen wanka, tukunyar ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, kunun kanwa, duk a wuyan uwa suke. Babu wanda zai ce kada in tafi, kuma ko an ce ba zan zauna ba. Ƙanena ya aiko cewa zai zo ɗaukata ranar Laraba. Kwana huɗu ke nan a hannuna.

Kwana huɗu sun isa a koya wa mutum abin da bai fi tafasar ruwa ɗaukar lokaci ba. Na yi niyya, har sau biyu na buɗe baki. Abin da ya tare ni shi ne in na faɗa yanzu, zai gane cewa wata biyu ina da shi na hana. Kunyar wannan ta fi mini nauyi a kan cikin 'yar giwar. Sai na samo wa kaina hanya mai sauƙi, na ce ai yaye ne. Mu a wurinmu yaya ake yaye? A ɗauki yaro da safe a kai shi gidan kaka, uwa ta ɓace, kada ya ji ko muryarta. Ya yi kuka kwana biyu, na uku yunwa ta sa ya karɓi kunu. Haka aka yaye ni, haka na yaye uku. 'Yan awakina ma haka nake musu. Na faɗa wa shugaban da tsohon haka, da ƙarfin gwiwa, irin na wadda ba a taɓa kamawa da kuskure a wannan fanni ba.

Tsohon ya ce, "Giwa ba akuya ba ce."

Na ce, "Ciki dai ciki ne. Yunwa za ta kawo maka ita."

Likita ba ya nan a satin, ya tafi wani aiki. Ranar Laraba da hantsi na ba ta kwalba biyu, na zauna har ta kwanta a inuwa kamar yadda ta saba. Na zare hancinta daga jikina a hankali na ajiye a ƙasa. Na fita da takalmi a hannu. Ko sallama ban yi wa tsohon da kyau ba, don kada ta ji muryata.

Kwana biyu da isata ɗiyata ta sauka lafiya, mace. Gida ya cika, hayaƙi, 'yan barka, ni ce a murhu ni ce a ƙofa. Ina ba da labarin giwa ana ta dariya. Ranar da jaririya ta kwana uku ƙanena ya shigo da ƙura a ƙafa, ya ja ni zaure.

"Yaya, ba ta sha ba."

"Ko kaɗan?"

"Ruwa kawai. Tana tsaye a bakin shinge inda kika fita. Likita ya dawo, ya yi faɗa, ya ce a roƙe ki ki zo ko na yini ɗaya ne."

Na ce in na koma yanzu yayen ya lalace, sai a sake daga farko. Na ce wa zai yi wa mai jego wanka. Na ce bayan suna. Duk gaskiya ne, kuma ko a nan, a zauren nan, da na ce masa zauna in nuna maka abin da za ka je ka nuna wa tsohon, da ya koya kafin a sauke tukunya. Ya tsaya yana jujjuya hularsa, ya ce, "Babu wani abin da zan faɗa musu?" Na ce ka ce su daure.

Washegarin suna na bar mai jego a hannun maƙwabciya muka kama hanya. Kwana goma ke nan da barinta.

Tana da rai. Tana kwance a gindin tsamiyar, an rufa mata buhu, fatar ta yi mata yawa, wuraren da ke saman idonta sun faɗa. Tsohon na zaune a ƙasa kusa da kanta da kwalba a cinya. Da ya gaishe ni ban gane muryarsa ba, ta dushe gaba ɗaya. Matar shugaban ce ta faɗa mini daga baya cewa tun ranar da na tafi yake gwada mata sauti iri-iri, waƙar maharba, kiran shanu, kukan kurciya, har ya je wurin limamin ƙauyen ya roƙa a koya masa addu'ar da ake yi wa marayu, tun da na ce addu'a ce. Limamin ya koya masa, ya zo yana karanta mata a karkace.

Na durƙusa na yi mata abin, a gabansa, ban juya baya ba. Kunnenta ya motsa. Ta amsa, siriri. Ta ɗago hancin da ƙyar, na kama na sa a hammatata, na kai mata kwalba. Ta ja sau biyu, madarar ta dawo ta gefen baki.

Tsohon ya matso da kunnensa. Ya ce, "Sake." Na sake. Ya rufe baki ya gwada, da wannan maƙogwaron nasa da ya ƙare. Na farko bai yi ba. Na biyu ya yi. Ta juya ido wajensa ta amsa masa.

Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan. Sai hancin, ka ba shi wuri mai ɗumi."

Ina jira ya zage ni. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Ya gyaɗa kai kawai, ya ɗauki hancin daga wurina ya sa a tasa hammatar, ya ci gaba da yi mata. Likita ya zo da azahar ya sa mata ruwa ta jijiyar kunne, ya ce cikin ya riga ya rufe. Bai dube ni ba, ni ma ban nemi ya dube ni ba. Ta cika kafin la'asar, tsakanin mu biyu.

Su suka haƙa ramin, ni na zauna a ɗaki. Da zan tafi da safe tsohon ya rako ni har bakin hanya, ya miƙo mini ƙullin sassaƙe ya ce a dafa wa mai jego, yana kawo nono. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Ni mi kika yi mini? Ni ina ci ina sha." Ban sake ganinsa ba. Bayan 'yan shekaru ƙanena ya ce ya rasu. Giwayen ma sun daina zuwa, yaran yanzu in ka ce musu an taɓa korar giwa daga gonar gero a ƙasar nan sai su ɗauka tatsuniya ce.

A Madarunfa abin da aka sani shi ne na je Najeriya na raini giwa, na dawo saboda haihuwa, giwar ta mutu don ƙaunata. Har yabona ake da shi. Ban taɓa gyara wa kowa ba, ƙanena ma rabi ya sani. Na ci gaba da karɓar marayun awaki, sai dai tun daga lokacin duk wanda ya kawo sai na zaunar da shi na nuna masa komai, har mutane na cewa tsufa ya ƙara mini surutu.

Jaririyar da aka haifa a satin nan yanzu ita ma uwa ce. Tun tana ƙarama take ce wa ƙawayenta ita sa'ar giwa ce, kakarta ta baro giwa guda saboda ita. Ko jiya da ta zo ta sa na maimaita wa 'ya'yanta labarin furar shugaban, suka yi ta birgima a tabarma. A nan nake tsayawa kullum. Ita ce kuma ke karanta mini takardu in idona ya gaji, ko ba jima ko ba daɗe za ta ci karo da wannan littafin a ƙasan akwati. To kai da ka ji duka, mi ka gani: in kira ta in faɗa mata da bakina tun ina da rai, ko in bari ta tarar bayan ba na nan?